Bakwai ɗin Uwar Kumfa: Jinjina ga Baba Jimla

Ƙarfe bakwai saura kwata Baba Jimla yake jingine kekensa a jikin tankin ruwa, bayan ɗakin wanki na asibitinmu. Masu gadi sun daɗe da daina duba agogo, kekensa suke dubawa. Zai kwance igiyar da ya ɗaure ƙafar wandonsa da ita, ya naɗe ta ya sa a aljihu, sannan ya buɗe ofishinsa. Mu ne muke ce masa ofis don girmamawa, amma tsohon ɗakin ajiye bokitai ne aka fasa wa taga. A ciki akwai tebur ɗaya, da kujera mai ƙafa uku da rabi wadda aka tokare da bulo, da kwamfuta da yake lulluɓewa da tsohuwar rigar filo kowace yamma, wai don kada sanyi ya kama ta.

Zai yaye rigar filon ya ce mata, "An tashi lafiya?" Sai ya kunna ta ya zauna. Kwamfutar tsohuwa ce, tana daɗewa kafin ta farka, shi kuwa ba ya matsa mata. Ya ce shi ma ba ya son a tashe shi da hayaniya.

Aikin Baba Jimla shi ne ƙirga zannuwan gado. Wanda bai taɓa aiki a asibiti ba zai ce wannan ma aiki ne? To, aiki ne. Kullum da safe ma'aikatan jinya suna turo masu datti a amalanke, da 'yar takarda mai ɗauke da adadinsu. Mu mu wanke, mu shanya, mu goge, mu ninke, da yamma mu kai sito. Shi kuma ya rubuta nawa suka shigo, nawa suka fita. Shekara ashirin da tara yana wannan. Ashirin na farko a littafi ya yi su, da biro a maƙale a kunne.

Da aka kawo kwamfuta, kowa ya ce to, ta Baba ta ƙare. Mutumin da gashinsa ya yi fari, wanda ko rediyo sai matarsa ta kamo masa tasha, ina shi ina wannan abu? Kwana biyu yana zagaya ta bai taɓa ta ba. A na uku ya kira 'yarsa ta fari, ta zo ranar hutunta ta zauna da shi. Ta buɗe masa wani shafi mai layuka a tsaye da a kwance, duk ya rarrabu gida-gida kamar ragar kamun kifi. Ta nuna masa inda zai sa kwanan wata, inda zai sa masu datti, inda zai sa wankakku. A gefen kowanne kuma ta yi masa layin jimla, wanda yake tara kansa da kansa.

Ga yadda shi ya bayyana mana abin daga baya, muna tsaye a bakin taga da kumfa a hannu:

"Kun ga wannan gidan? Kullum sai ya ɗaga kai ya tambayi na samansa, Yaya, nawa ka tara zuwa jiya? Na sama ya faɗa masa. Sai ya ƙara na yau a kai, ya riƙe. Gobe ƙaninsa na ƙasa ya tambaye shi. Haka suke yi har ƙarshen wata, ba faɗa, ba gardama. Da haka 'ya'yana suke da ban tsufa da wuri ba."

Amma bai yarda da kwamfutar nan take ba. Wata uku cur yana rubutawa a kwamfuta yana kuma rubutawa a littafi a ɓoye, don ya ga ko za ta ci amana. Ranar da wata ukun suka cika ya rufe littafin ya leƙo ta taga ya yanke hukunci.

"Yarinyar nan tana da gaskiya," in ji shi. "Wayo ne ba ta da shi. Duk abin da ka sa mata a baki haɗiyewa take, ba ta tauna."

Da yatsa ɗaya yake bugawa har yau. Yana ɗaga shi sama, ya yi shawagi da shi a kan madannai yana neman lambar, in ya gan ta ya sauka a kanta kamar zai kashe sauro. Daga layin jimlar nan sunansa ya samo asali, don duk wanda ya gaishe shi, bayan ya amsa sai ya ƙara da cewa, "Jimla tana tafiya."

Kai ne, Baba, wanda ba ka taɓa tashi ka bar gida ɗaya fanko ba. Kai ne wanda in wuta ta ɗauke sai ka rubuta lambar a tafin hannunka, ka ƙi gaisawa da kowa har a dawo da ita. Mai yatsa ɗaya da ya fi goman wasu.

Akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya sani game da ɗakin wankinmu. Mu ba ma ƙirga wankakkun zannuwa ɗaya-ɗaya. In mun ninke, sai mu jera goma sha biyu mu ɗaure su da ƙyalle, shi ne ɗauri ɗaya. Dalilin goma sha biyu kuwa, iyakar abin da hannuwan Uwar Kumfa suke iya runguma ke nan. Uwar Kumfa ita ce shugabar masu wanki, mace mai jiki da murya, wadda ta riga Baba Jimla fara aiki da wata huɗu, saboda haka take ce masa ƙanenta, shi kuma yake ce mata Yaya ko da yake ya girme ta. Kullum da yamma, in za ta wuce sito, ba ta ko tsayawa. Daga tsakar fili take ɗaga murya:

"Ƙanena, bakwai!"

Daga cikin ofis sai ka ji, "Tamanin da huɗu, Yaya." Sai ƙarar yatsa sau biyu.

In akwai ragowar da ba su cika ɗauri ba sai ta ce, "Shida da 'yan rakiya uku!" Shi kuma ya ce, "Saba'in da biyar." Ba a taɓa rubuta wannan doka a ko'ina ba. Tana cikin kan Baba ne kawai, mu kuma ba mu taɓa tunanin kan Baba zai iya yin fashin zuwa aiki ba.

Sai haƙori ya kama shi.

Mako guda yana fama, yana ɗaure kai da mayafin matarsa, yana rantsuwa cewa ya ji sauƙi. Da kumatunsa ya kai girman lemo, babban likita ya gamu da shi a hanya, ya juya shi da hannunsa ya tura shi wajen likitan haƙori. Aka cire, aka ce ya kwanta kwana uku. Su ne kwana ukun farko da ya taɓa fashi, kuma suka faɗo daidai ƙarshen wata.

A lokacin muna da sabon manaja, matashi mai ilimi, wata huɗu da zuwansa. Mai Kwat muke ce masa, don ko ranar da zafi yake narka kwalta ba ya cire kwat ɗinsa. Ba mugu ba ne, tsoron manyansa ne ya yi masa yawa. Ya ce ba sai an nemo kowa ba, shi zai riƙe aikin Baba, ai abin minti biyu ne. Ya kuwa zauna a kan kujerar nan, bayan ta kayar da shi sau ɗaya, yana bugawa da yatsu goma har muna leƙe muna sha'awa.

Ranar farko Uwar Kumfa ta wuce ta ce, "Yallaɓai, bakwai!" Ya ce, "To, Mama." Rana ta biyu ta ce biyar. Rana ta uku ta ce takwas.

Rana ta huɗu da safe Baba Jimla ya dawo, kumatu a kumbure, baki cike da auduga. Tun daga bakin tanki ya ji wani abu ba daidai ba: babu muryar Uwar Kumfa. Injin wanki a kashe, mu duka muna tsaitsaye jugum-jugum. Ita kuwa tana zaune a kan benci a ƙofar ofishin manaja, an zazzage jakarta a gabanta.

Wannan jaka sananniya ce, don da ita take zuwa da ita take komawa, kuma girmanta ya kai buhu. Ita ce ta jawo mata zargi. Abin da aka samu a ciki shi ne kwanon abinci biyu, ƙaramin rediyo, man zafi na gwiwa, takalmin jikanta ɗaya da za ta kai gyara, da laima marar hannu.

Tana ganinsa ta miƙe. "Ƙanena, ka zo? Wai zanin gado ɗari biyu da ashirin na sace! Ni da gadona ɗaya, shi ma ƙafarsa a karye. Ina zan shimfiɗa su, a kan rufin gida?"

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Matar da ta shekara kusan talatin tana wanke jinin mutanen da ba ta sani ba, yau za ta fita ta ƙofar nan da sunan ɓarauniya. Saura mata shekara ɗaya ta ajiye aiki da mutuncinta. An riga an buga takardar sallama, tana kan teburin Mai Kwat, ƙarfe goma sha biyu babban likita zai sa hannu. Lokacin nan goma ta wuce.

Mai Kwat ya fito da takardu a hannu. Shi ma fuskarsa ba daɗi.

"Baba, sannu da jiki. Ni ma ban so haka ba. Amma na haɗa rahoton wata, ga shi. Masu datti da suka shiga, dubu biyu da ɗari uku da goma. Wankakku da suka fita, dubu biyu da casa'in. Makullin filin shanya a hannunta yake. Kwamfuta kuma ba ta ƙarya."

Baba ya gyara audugar da ke bakinsa. Ya wuce ofishinsa, muka bi shi a baya, har da manajan. Ya tarar an bar kwamfutar ba lulluɓi, ya dubi Mai Kwat irin duban da ake yi wa wanda ya bar jariri a waje. Ya kunna ta. Ranar kuwa kamar da gayya, ta daɗe ba ta farka ba. Uwar Kumfa ta ce, "Ita ma kunya take ji."

Da shafin ya buɗe, Baba bai je ƙarshe inda kowa yake kallo ba. Ya koma ranar ɗaya ga wata, ya ɗora yatsansa a kan gilashin kwamfutar, a layin jimlar wankakku, ya riƙa saukowa a hankali. Ya san tafiyar jimlar nan kamar yadda uba ya san takun ɗansa a soro. Kullum tana yin babban taku, sittin, saba'in, tamanin. Haka ta yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da 'yar'uwarta ta masu datti har ranar ashirin da bakwai. Daga nan sai ta koma rarrafe. Ta ƙaru da bakwai. Ta ƙaru da biyar. Ta ƙaru da takwas.

Yatsan ya tsaya cak. Baba ya juyo, idanunsa sun buɗe, ya ɗaga murya ta cikin audugar:

"Auri! Auri!"

Mai Kwat ya ce, "Aure? Wane aure kuma, Baba?"

"Auri ne!"

Uwar Kumfa ta riƙe haɓa. "Ƙanena, ana korata kana zancen aure? Shekara talatin ba ka faɗa ba sai yau da ba ka da haƙori?"

Duk halin da ake ciki sai da wasunmu suka toshe baki da gefen mayafi. Baba ya girgiza kai har hularsa ta karkace. Ya ture mu ya fita, ya nufi sito da saurin da ba mu san yana da shi ba. Ya dawo rungume da ɗauri guda, yana nishi, ya dire shi a kan tebur. Ya kwance ƙyallen. Ya ɗaga zani ɗaya ya miƙa wa Mai Kwat, ya ɗaga yatsa ɗaya. Ya miƙa masa na biyu. Na uku. Haka ya yi ta ɗora masa, manaja yana karɓa yana ƙirgawa da ƙarfi ba tare da ya san dalili ba, har zannuwan suka kai masa haɓa.

"Goma sha biyu," in ji Mai Kwat daga bayan tulin.

Baba ya nuna tulin, ya ɗaga yatsa ɗaya. Sannan ya nuna bakwai ɗin da ke kan gilashi.

Manaja ya ƙura wa gilashin ido. Muna kallo fuskar Mai Kwat ta sauya a hankali, kamar farin zani da aka wanke tare da jan ƙyalle.

Baba ya zauna. Ya goge bakwai ya buga tamanin da huɗu. Ya goge biyar ya buga sittin. Ya goge takwas ya buga casa'in da shida. Kowace ya buga, sai gidajen da ke ƙasa su motsa, kowa ya karɓi sabon labari daga yayansa. Da ya sauke yatsa a kan ta ƙarshe, jimlar wankakku ta tsaya a dubu biyu da ɗari uku da goma, daidai da 'yar'uwarta. Ko zare ɗaya bai ɓata ba.

A nan ne kowa ya zuba ido ya ga yadda za a ci fuskar manaja. Uwar Kumfa har ta gyara ɗaurin zaninta ta ja numfashi. Sai Baba ya juya baya, ya zare audugar daga bakinsa ya naɗe a takarda, ya juyo.

"Ranka ya daɗe, laifina ne," in ji shi, muryar tana fita da ƙyar. "Shekara ashirin da tara na ajiye goma sha biyun nan a kaina, ban rubuta a ko'ina ba. An ce maka bakwai, ka rubuta bakwai. Ita kuma yarinyar ta haɗiye. In akwai wanda za a ba takarda, ni ne."

Mai Kwat ya dubi zannuwan da yake rungume da su. Sannan ya ajiye su. Ya ce, "A'a, Baba. Ni na zauna kwana uku ina ganin amalanke cike tana wucewa ta gabana, ina rubuta bakwai. Ban tambaya ba." Ya juya wajen Uwar Kumfa, ya ɗan rusuna. "Mama, ki yafe mini. Na zubar miki da mutunci a gaban 'ya'yanki."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗana, a makarantar da ka yi, mace goma sha ɗaya da inji biyu su wuni suna wanki, zani bakwai suke fitarwa? Da haka muke ai da ni ma na kori kaina."

Ya yi dariyar kunya, ya yayyaga takardar da hannunsa. Ta ce bai gama ba, sai ya mayar mata da kayanta cikin jaka yadda ya same su. Ranar muka fara ganin Mai Kwat ba kwat, a durƙushe, yana neman inda laima marar hannu take shiga.

Kai ne, Baba, wanda da ciwo a bakinka ka tsaya wa wadda ba ta san ko ina ake kunna kwamfuta ba. Kai ne ka wanke mai wanki, kuma ba ka shafa wa kowa dattin ba.

Washegari ya sake kiran 'yarsa, suka ƙara wa shafin layi ɗaya na ɗauri. Yanzu in an sa bakwai a nan, gidan da ke gefe shi yake mayar da ita tamanin da huɗu da kansa. Ya kuma rubuta da manyan baƙaƙe a kwali ya manna a saman taga: ƊAURI ƊAYA, ZANI GOMA SHA BIYU. Ya ce kai ba wurin ajiya ba ne, tunda haƙori ɗaya yana iya rufe shi kwana uku.

Makon jiya Baba Jimla ya ajiye aiki. Mun taru a filin shanya tsakanin igiyoyi, aka ce kowa ya faɗi wani abu. Ni da aka zo kaina bakina ya ƙi buɗewa, shi ya sa na rubuta wannan. Kyautar da muka ba shi zanin gado ne sabo fil, mai furanni shuɗɗa, don kada wani ya ce na asibiti ne. Ya juya shi, ya shafa, ya dubi Uwar Kumfa ya ce, "Yaya, an shigar da shi a lissafi?" Sannan ya shiga ofis shi kaɗai, ya lulluɓe kwamfutar da rigar filo, ya daɗe kafin ya fito.

Ba a kawo wanda zai gaje shi ba tukuna. Ranar farko da babu keke a jikin tanki, da yamma, Uwar Kumfa ta fito rungume da kaya za ta wuce sito. Bakinta ya riga tunaninta.

"Ƙanena, bakwai!"

Ta tsaya cak a tsakar fili, don ta tuna. Mu ma duk muka tsaya. Sai muka ji kujerar nan mai ƙafa uku da rabi ta yi ƙara, wata murya ta fito ta taga a hankali:

"Tamanin da huɗu, Mama."

Mun gode, Baba. Mun gode da shekara ashirin da tara na safiya ɗaya bayan ɗaya, kowace ka ɗora ta a kan ta jiya ba ka zubar da ko ɗaya ba. Allah ya ba ka lafiya, ya bar maka sauran haƙoranka, ya sa ka yi barci mai daɗi a kan zaninka mai furanni. Ku kuma da kuke zaune gaban kwamfuta a ofisoshi da sito-sito, ku yi koyi da wannan dattijo. Ku san mutanen da ke bayan lambobinku. In jimla ta nuna muku wani da yatsa, kada ku yi saurin buga takarda. Ku tashi ku je ku kwance ɗaurin, ku ƙirga.